Jiragen Buɗe Ido A Tsaunukan Himalaya: Wa Ke Cin Ribar?

Tafiyar da kan ci wa mai yawon buɗe ido kusan mako biyu a ƙafa, daga garin Lukla zuwa gindin tsaunin Everest da dawowa, jirgi mai saukar ungulu kan kammala ta kafin azahar. Akan tashi da sassafe daga Katmandu, babban birnin Nepal, a sha mai a Lukla, sannan a nufi tsaunin mai tsawon mita 8,849. Kujera guda kan kai dala 1,000.

Sana'ar na kawo kuɗi, sai dai mutanen tsaunin ba su cika gani a ƙasa ba. Fasinjan jirgi ba ya kwana a masaukin ƙauye, ba ya kuma neman ɗan dako. Wannan, da ƙarar da ke firgita namun daji, ya sa a farkon 2025 matasan yankin suka toshe wuraren sauka, har kamfanoni suka dakatar da zirga-zirga na ɗan lokaci.

Ga kuma haɗari. A watan Yulin 2023 wani jirgi ya faɗi yayin dawowa, 'yan Meziko 5 da matuƙinsa suka rasu, abin da ya sa hukumomi suka hana jigilar 'yan kallo har wata biyu.