Rariyar Sauti: Abin Da Ake Zubarwa Wajen Matse Waƙa

Kunnen ɗan Adam yana jin sautin da ke kaɗawa daga sau 20 zuwa sau 20,000 a cikin sakan guda. Ma'aunin wannan kaɗawa shi ne Hz. Tsarin MP3, wanda aka tabbatar da ƙa'idarsa a shekarar 1993, yana rage nauyin waƙa ta hanyar zubar da abin da ake ganin kunne ba zai yi kewarsa ba. Kafin a matse, ana iya bi da sautin ta rariya iri biyu.

Rariya ta farko tana yanke siririn sauti na sama. Manhajar LAME, idan an matse a kan kilobit 128 a sakan, takan yanke wajen Hz 16,000 zuwa 17,000. A kan kilobit 320 kuwa, sai wajen 20,000. Dalili shi ne, sautin da ya haura 16,000 yana cin wuri mai yawa a tsarin MP3, alhali galibin manya ba su jinsa sosai. Amma in aka sauko da iyakar ƙwarai, baƙaƙe ƴan zuza su ne ke fara shan wahala. Ƙarfin /s/ yana sama da Hz 4,000, shi ya sa a wayar tarho ta da, wadda ke tsayawa a 3,400, rarrabe "sa" da "fa" kan yi wuya.

Rariya ta biyu tana yanke sauti mai kauri na ƙasa, domin kawar da gurnanin iska da na lantarki. A nan ne karin sautin Hausa yake zaune, tun da muryar namiji takan kaɗa tsakanin Hz 85 da 180. In aka yanke a 200, kunne yana iya cike gurbin, amma awon da zai raba "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya zai yi wa mai bincike wuya, ganga kuma ta rasa kaurinta.

Abin da rariya ta zubar ba ya dawowa. Saboda haka, wajibi ne duk mai tattara waƙoƙin makaɗan kalangu, goge ko gurmi ya adana asalin ɗaukar ba tare da matsi ba, a tsarin WAV. Kwafin MP3 na rarrabawa ne ga azuzuwan yaƙi da jahilci, kuma a rubuta iyakokin rariyarsa a jikin takardar ajiya.