Ladubban Zama a Teburin Aiki

Tun a shekarar 1713, wani likita mutumin Italiya mai suna Bernardino Ramazzini, wanda ya wallafa littafi a kan cututtukan masu sana'a, ya ƙara masa babi game da marubuta da magatakarda, inda ya bayyana cewa illarsu tana fitowa ne daga sabubba uku: dogon zama, da maimaita motsin hannu iri ɗaya ba hutawa, da takura hankali don gudun kuskure. Yau alƙalami ya bar wa kwamfuta wuri a yawancin ofisoshi, amma sabubban nan suna nan yadda ya bar su, har an sami na huɗu, wato ƙura wa fuskar na'ura ido tun hantsi har la'asar.

Abin da ke damuna shi ne, akawu kan karɓi tebur da kujera yadda aka ba shi, ya yi ta lanƙwasa jikinsa don ya dace da katako, alhali kuwa katakon ne ya wajaba a daidaita da jiki, domin jiki amana ce da Allah Ya ba bawansa, tebur kuwa aikin kafinta ne, ana iya rage masa ƙafa ko a ƙara.

Daga kujera ake farawa, don ita ce mizanin sauran kaya. Sharaɗinta shi ne, in mutum ya zauna ya jingina sosai, tafin ƙafarsa ya taka ƙasa gaba ɗaya, cinyoyinsa su miƙe a kwance, gwiwa ta yi daidai da ƙugu ko ta ɗan yi ƙasa kaɗan, kuma a bar tazarar yatsu biyu ko uku tsakanin bakin kujera da bayan gwiwa, saboda kada jijiyoyin jini su matsu ƙafa ta sage. Idan kujerar ta yi tsawo, a sa guntun katako a taka. Idan ba ta tallafi ƙasan baya ba, inda ƙashin baya ya ɗan lotsa ciki bisa halitta, ƙaramin matashi ko tawul da aka naɗe ya wadatar. Daga nan sai a duba tebur: hannu ya sauka a kan madannai gwiwar hannu na kusa da haƙarƙari, kafaɗa a sake, wuyan hannu a miƙe, linzamin kwamfuta kuma yana dab da madannai.

Fuskar kwamfuta a ajiye ta gaba sosai, nisan miƙin hannu, wato kimanin santimita 50 zuwa 70, bakinta na sama daidai da ido ko ƙasa kaɗan, taga kuma ta kasance a gefe don gudun ƙyalli. A nan kwamfutar cinya take da aibi, domin fuskarta da madannanta a haɗe suke: in ido ya ji daɗi hannu ya wahala, in hannu ya ji daɗi wuya ya sunkuya. Maganinta a ɗora ta bisa littattafai masu kauri, a sayo madannai na dabam.

Duk da haka, zama komai kyansa, in ya daɗe sai ya cutar. Likitocin ido suna shawartar a ɗaga kai kowane minti 20, a dubi abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20, saboda mai kallon na'ura yakan rage ƙiftawa, idonsa ya bushe. Tashi zuwa alwala da sallar azahar da la'asar rahama ce ga gaɓoɓi, sai dai tsakanin safiya da azahar akwai sa'o'i masu yawa, don haka ya kamata a miƙe kowane rabin sa'a ko sa'a guda, ko da zuwa ɗauko fayil ne ko amsa waya a tsaye.