Hunturu a Sandamu: Yadda Ɗakin Ƙasa Ke Riƙe Ɗumi

Daga Disamba zuwa Fabrairu, iskar arewa maso gabas takan sauko wa ƙasar Daura ɗauke da ƙurar kwarin Bodele na Chadi. A Sandamu hazo kan rufe rana, leɓe ya tsage, faso ya kama diddige, da asuba kuwa ruwan randa ya gagari hannu.

Mutanen da ba su san suwaita ko bargon kanti ba, amma sun iya gini. Bangon tubali mai kauri yakan wuni yana shan rana, da dare ya riƙa sakin zafin a hankali. Taga ƙarama ce, ƙofa da asabari. A ɗakin tsohuwa ko mai jego akwai gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi, a zuba garwashi, ɗumi ya ratso har bayan mai kwanciya, sai ta ja gwado. Karan geron da aka tara bayan girbi shi ake jin ɗumi da shi a ƙofar gida, shi ne kuma fitilar almajirai a tsangaya. Geron kansa yana rumbu, kunun safe na jiransa. Fata kuwa sai man kaɗanya.

Wannan dabara ba tamu ce mu kaɗai ba. A ƙarni na 6, kakannin Silabawa, waɗanda Rashawa da mutanen Yukiren da Folan suka fito daga tsatsonsu, sun yi fama da sanyin da ke daskarar da kogi. A Korchak, kusa da Zhytomyr a Yukiren ta yau, masu tonon tarihi sun gano gidajensu: ɗaki ɗaya ƙarami, an haƙa shi cikin ƙasa, da murhun dutse a kusurwa. Su ma suna noma wani nau'in gero, suna adana hatsi a ramuka.

Abin damuwa a nan gida shi ne yadda bulo da kwano ke maye gurbin tubali. Kwano ba ya riƙe zafi. Rana na faɗuwa ɗaki ya huce. Sai mutum ya shigo da kaskon gawayi, ya toshe taga, ya kwanta. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, tana kuma kashe mutum cikin barci. Ga gobara, domin a wannan lokaci zana da danga sun bushe ƙarau. Mai shigar da kasko ya bar taga a buɗe, ya kuma fitar da shi tsakar gida kafin ya kwanta.