Gwani da Ɗalibi a Gasar Mutum-mutumi

A cikin birnin Zariya akwai unguwar Babban Gwani, wadda ta samo sunanta daga Malam Mika'ilu, maginin Masallacin Juma'a na zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Magina irinsa ba da baki suke koyar da sana'a ba. Yaro yakan fara da ɗebo ruwa da kwaɓa ƙasa, sa'an nan ya koyi yin tubali, sai ya shekara da shekaru kafin a yardar masa ya jera azara a bakan gizo. Gwani na tsaye yana dubawa, amma hannun yaron ne cikin ƙasa.

Wannan tsohuwar dangantaka ita ce ta sake ɓullowa a gasar ƙera mutum-mutumi, watau na'urar da ɗalibai ke haɗawa, su tsara mata umarni da kwamfuta. Wani maƙerin na'urori a Amurka, Dean Kamen, ya kafa ƙungiyar FIRST a 1989, aka yi gasar farko a 1992 da rukuni 28, aka haɗa 'yan makaranta da injiniyoyin kamfanoni da jami'o'i. Tun 1996 ake ba da lambar yabo ga jagora da sunan Farfesa Woodie Flowers. Nijeriya ma ta aika da ɗalibai gasar ƙasashen duniya a Washington a 1917 da ɗari, watau 2017.

Wuyar aikin jagora tana ga lokaci. Har zuwa 2019 mako 6 kacal ake ba manyan ɗalibai su gama ƙira. To, ga injiniya yana kallon yaro ya haɗa waya a baibai, saura kwana biyu. Lalle hannunsa zai yi ƙaiƙayi. In ya karɓe sukudireba, na'ura ta tashi, watakila har a ci kofi, amma fa yaron ya koma ɗan kallo. Shi ya sa a gasar ƙanana ta FIRST LEGO League alƙalai kan yi wa yara tambayoyi da kansu, wanda aka yi masa aiki kuwa nan take yakan tonu.

Zariya ba ta rasa gwanaye ba. Jami'ar Ahmadu Bello tana Samaru tun 1962, ga kuma masu naɗin janareta da masu gyaran waya, waɗanda sau da yawa sun fi mai digiri sanin inda wuta ke ɓacewa. Abin da makaranta irin Alhudahuda za ta nema gare su yawancinsa ba ƙira ba ne: neman kuɗin kayan aiki, tsare yara daga wuta da kaifi, da zuwa zauren mahaifi a roƙi izinin tafiyar 'yarsa gasa a wani gari. A ɗakin aiki kuwa, sai jagora ya tambayi yaron ta ina wutar ta shiga, ya jira amsa.