Baƙin Akushi

A gidanmu na masassaƙa ba a miƙa wa yaro gizago da wuri. Shekara biyu na yi ina kwasar ɓawo da hura wuta kafin Kawu ya yarda na taɓa akushin da ya fafe. Shi ma ba sara aka ba ni ba, guga ce.

Itacen ɗanya ake nema don akushi, ƙirya kuwa ta turmi da taɓarya ce, aduwa ta allo. Wannan kowa ya sani. Abin da ba a gani a kasuwa shi ne aikin da ke biyo bayan gizago. Sai an bar akushin ya sha iska a inuwar zaure, don rana tsaga shi take yi. Sannan a kankare da wuƙa, a bi shi da ganyen ɓaure mai kaushi har tafin hannu ya daina jin gargada. Kawu ba ya duba aikina da ido. Rufe ido yake yi ya shafa, ya ce, "Ɗan nan, da saura," ya miƙo mini ba tare da ya nuna wurin ba.

Ranar ƙuna ita ce ranar da nake so. A sa ƙarfe mai faɗi cikin garwashin ƙirya har ya yi ja, a riƙa bin bayan akushin da shi a hankali, hayaƙi na tashi da wani ƙamshi mai ɗaci-ɗaci. In ka daɗe wuri guda ka ci itacen, in ka yi sauri ya fito ja-ja kamar bai nuna ba. Tun da zafinsa ake shafa man kaɗanya, itacen ya shanye, a murza da tsumma, a sake. Da hanci Kawu yake gane ƙarfen ya wuce kima, tun yana bakin ƙofa.

Har yau ba a daidaita kan dalilin baƙin ba. Dattawan gidanmu sun ce maganin gara ne da tsagewa. Iya kuwa dariya take yi, ta ce ado ne kawai, don farin tuwo ya fi fitowa a cikin baƙin akushi, kuma wai sheƙin gaske ba masassaƙi ke ba da shi ba, sai miya da hannun matar gida na shekara ashirin. Ni dai na fi karkata wajenta.

Kwanakin baya na ga akussa a kasuwar Kurmi ta Kano, wasu an bi su da sanfefa an fesa musu baƙin fenti, suna ta ƙyalli. Mai shagon ya ce sun fi tafiya gab da 26 ga Agusta, Ranar Hausa, lokacin da makarantu ke neman kayan gargajiya na nuni. Na ɗauki ɗaya na sansana, na ajiye masa.