Ko Kun Sani? Likitan haƙori ma da kanumfari yake aiki

Kanumfarin nan da ake saye a wurin masu kayan yaji a kasuwar Mashi, a cusa a kogon haƙori in ciwo ya hana barci, shi ne dai likitocin haƙori ke amfani da mansa a asibiti. Mafi yawan man kanumfari wani sinadari ne mai suna yujinol, wanda ke sanyaya jijiyar haƙori, ya kuma rage ƙwayoyin cuta. Likita kan kwaɓa shi da farin garin zinki ya zama kamar ƙullu, ya toshe kogon, ya daskare. Ƙamshin da ke tarbar mutum a wasu ɗakunan likitan haƙori ke nan.

Sai dai wannan cikon na wucin gadi ne, kafin a yi mai ɗorewa. Ɓawon haƙori ya fi ƙashi tauri, amma in ya rarake ba ya sake tofowa, tsantsar man kuwa tana ƙona dasashi. Don haka in kanumfari ya kwantar da zogi, kogon yana nan yana ci. A je asibiti tun haƙorin bai kai ga cirewa ba.