Madubin Bindiga: Abin Da Manomi Zai Duba Kafin Ya Saya

Daga watan Agusta har zuwa kaka, manoman da ke kudancin Kogin Kaduna ba su da isasshen barci. Masara ta yi goyo, gyaɗa ta fara ƙosawa, rogo ya fasa kunya, ɓarna kuwa ta ko'ina. Wanda gonarsa ke bakin kurmi wajen Kujama ko Kakau, birai ne abokan gabarsa. Mai lambu a bakin kogi wajen Kudenda da Nasarawa kuwa yana fama da gafiya da gyazbi da kurege. Da yawa cikin masu gonakin nan mutanen gari ne, akawuna da 'yan kasuwa da tsofaffin ma'aikatan masaƙun Kakuri, waɗanda suka koma ga fartanya bayan masaƙar Kaduna Textiles, wadda aka buɗe cikin 1957, ta rufe cikin 2002. Irin waɗannan ba su gaji harbi ba. Su ne kuwa suka fi ɗokin madubin nan na hangen nesa da a ke ɗaura wa bindiga, suna tsammani shi zai tsaya musu a madadin gwaninta.

Ba zai tsaya ba. Madubi ba ya ƙara wa harsashi ƙarfi, ba ya ƙara masa nisa, ba ya hana hannu rawa. Aikinsa guda ne, watau ya nuna wa maharbi abin da ya ke shirin harbi sarai, har ya tabbata dabba ce, ya kuma ga inda zai same ta. Wanda ya gane wannan zai sayi madubi mai sauƙin kuɗi ya more shi shekaru. Wanda bai gane ba zai zuba kuɗin taki a kan abin da zai lalace kafin a yi girbi.

TUKUNA, MAGANAR LASIN

A Kakuri ne masana'antar ƙera makamai ta Nijeriya ta ke, wadda aka kafa cikin 1964, wani kamfanin Jamus ta Yamma mai suna Fritz Werner ya shirya injunanta. Amma zama maƙwabcin masana'antar bai ba kowa izinin riƙe bindiga ba. Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Akwai na yaƙi da su libarba, waɗanda ba a riƙewa sai da izinin Shugaban Ƙasa. Akwai na farauta, watau mai baki ɗaya da mai baki biyu, da raifal ta farauta, da bindigar iska, lasin waɗannan a hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda ya ke. Sa'an nan akwai na ɗuri, irin bindigar toka, waɗanda Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke ba da lasinsu. A lura, bindigar iska da mutane ke ɗauka abin wasan yara ce tana cikin kashi na biyu. Cikin Agusta 2023 Kayode Egbetokun, yana Muƙaddashin Sufeto Janar a lokacin, ya ce an dakatar da ba da sabon lasin. Saboda haka maganar nan duka ta mai lasin ce, wanda takardarsa ba ta mutu ba. Ko shi ma ya tuna ƙasar Chikun ta sha wuyar masu satar mutane, mutumin da aka hango a daji da bindiga mai madubi ba lalle a tsaya tambayarsa sunansa ba. Kyawunta mai unguwa da 'yan sandan yankin su san shi, su san bindigarsa.

BA KO WACE BINDIGA KE SON MADUBI BA

Bindiga mai baki ɗaya ko biyu ƙwayoyin dalma ta ke watsawa. Suna bazuwa kamar inci guda a ko wane yadi, in sun wuce yadi 35 ko 40 ba su da wani amfani. Ɗan dunƙulen ƙarfen nan na bakinta ya isa saiti, muddin mutum ya kwantar da kumatunsa a gindin bindiga wuri guda kullum. Ɗaura mata madubi asara ce. Bindigar toka kuwa ba a ma maganarta, cikin bututunta sumul ya ke, harsashi biyu ba sa bin hanya guda.

Wadda madubi ke yi wa amfani ita ce mai jefa harsashi guda ta cikin bututu mai murɗaɗɗen tsagi, watau raifal da bindigar iska. Ko su ma suna zuwa da saitin ƙarfe, ɗan tsinke a gaba da tsaga a baya, saurayi mai lafiyar ido ba ya bukatar fiye da haka a yadi 25. In saitin ƙarfe ya karkace, gyaransa da sauƙi: a tura tsagar baya zuwa wajen da a ke so harsashi ya koma. Wahalar tana zuwa ne in mutum ya haura shekara 40, ido ya fara ƙin haɗa tsaga da tsinke da dabba gaba ɗaya. To, a nan madubi ya ke da rana, domin yana kawo alamar saiti da dabba wuri guda a gaban ido.

LAMBOBIN DA KE JIKINSA

Ko wane madubi yana da lambobi kamar 4x32. Ta farko tana nufin yana kusanto da abu ninki 4, ta biyu kuwa faɗin gilashin gaba ne, milimita 32. In an ga 3-9x40, ana iya murɗa shi daga ninki 3 zuwa 9. Mai kanti zai fito da mai ninki 16 ko 24, ya ce a leƙa hasumiyar masallaci a gani. Lalle za a gan ta kamar a taɓa. Amma gona ba hasumiya ba ce.

Yawan ninki yana da illa uku. Yana rage filin da ido ke gani: mai ninki 4 yana nuna faɗin kusan ƙafa 30 a yadi 100, mai ninki 9 bai kai rabin haka ba, biri ya yi tsalle guda ya fita, yaron da ke tahowa ta gefe kuwa ba a ganinsa sam. Yana ƙara nuna rawar hannu. Sa'an nan yana rage haske. Lissafin wannan ba wuya, a raba lamba ta biyu da ta farko. 32 a raba da 4 ya ba da 8, watau hasken da ke fitowa zuwa ido faɗinsa milimita 8, ya fi abin da ƙwayar idon mutum ke iya buɗewa ko cikin duhu. 40 a raba da 16 kuwa biyu da rabi ne kacal. Ga shi kuwa ɓarayin gona da asuba su ke zuwa, ko gab da magariba, lokacin da haske ya yi ƙaranci. Don haka 4x32 wanda ba a murɗawa ya ishi manomi, ga shi ba shi da tarkace da yawa a ciki da za su lalace.

Sai a tambaya ko an cika shi da iskar naitirojin an toshe. Masu ƙera madubi a Amurka sun fara wannan dabara tun ƙarshen shekarun 1940, domin hana gilashi yin raɓa ta ciki. A Kaduna, inda Agusta da Satumba ruwa ba ya ɗagawa, madubin da ba a toshe ba zai yi hazo ta ciki, daga baya ya yi fumfuna, ba kuwa mai iya goge shi. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba. Kada a goge gilashi da bakin riga, a hure ƙurar tukuna, sa'an nan a bi da ƙyalle mai laushi.

Akwai abu guda da ke cinye kuɗin masu bindigar iska. Irin wadda a ke karyawa a ɗana, sifirin ne a cikinta, in ya saki yana girgiza bindiga baya da gaba. Madubin da aka yi don raifal shurin baya kaɗai aka shirya shi ya jure, saboda haka 'yar bindigar iska tana iya kakkarya cikin madubin da babbar raifal ba ta yi wa kome ba. Tilas a nemi wanda aka rubuta a kwalinsa cewa na bindigar iska ne. Irinsa kuma an daidaita shi don kusa, na raifal kuwa galibi yadi 100 aka daidaita shi, in an duba abu a yadi 15 sai a gan shi dishi-dishi, gicciyen zaren da ke ciki yana yawo in an motsa kai.

ƊAURAWA

Madubi yana zama ne cikin zobba biyu, zobban kuma suna kama bayan bindiga. Kaurin jikin madubi iri biyu aka fi samu, inci guda da milimita 30, zoben wannan ba ya yi wa wancan. Ƙafar zobe ita ma iri-iri ce. Bindigar iska da ƙaramar raifal yawanci tsagi biyu gare su, tsakaninsu milimita 11, manyan kuwa suna da faffaɗan gurbi da a ke kira Weaver ko Picatinny. Mafi kyau a auna kafin a tafi kanti. Cusa takarda ko robar taya don zobe ya kama, ko kai bindiga wajen mai walda, duk ɓata kaya ne.

Kafin a taɓa noti ko guda, a buɗe bindiga a tabbata ba kome a ciki. A kafa rabin zobban na ƙasa, in akwai ɗan ƙusa na tsayarwa a zoben baya a sa shi cikin raminsa, shi ke hana madubi ja da baya a kan bindigar iska. A zaɓi zobba gajeru iyakar yadda gilashin gaba ba zai taɓa bututu ba. A kwantar da madubi, a rufa rabin sama sako-sako. Sa'an nan mai bindiga da kansa, ba wani ba, ya rufe ido, ya ɗora ta a kafaɗa yadda ya saba, ya buɗe ido. In bai ga da'ira cikakkiya ba, a tura madubi gaba ko baya har ya gani ba tare da miƙa wuya ba. Tsakanin ido da gilashi ya zama kamar inci 3 zuwa 4, kusan faɗin yatsu huɗu. Wannan ba ƙaramar magana ba ce ga mai raifal, domin in madubi ya matso ƙwarai, shuri guda zai sa bakinsa ya tsaga gira, asibiti kuwa da nisa daga gona.

Sai daidaita gicciye. A ɗaura dutse a igiya a rataya a reshe, a tsai da bindiga sosai, a juya madubi har zaren tsaye ya kwanta a kan igiyar. Sa'an nan a ɗaure notina kaɗan kaɗan, wannan sa'an nan na ƙetarensa, har tazarar zobe ta zama ɗaya dama da hagu. Ƙarfin yatsu ya isa. Jikin madubi siriri ne, mai ɗaure shi kamar notin tayar mota zai lotsa shi.

GWAJI

Madubin da ba a gwada ba ya fi rashin madubi haɗari, domin mai shi yana da tabbacin da ba gaskiya ba. A nemi wuri mai tudun ƙasa ko gindin suri a baya, nesa da hanya da gidaje. A kafa kwali a yadi 25, a yi masa ɗigo da gawayi. A ɗora bindiga a kan buhun yashi ko na dusa, a harba uku ana nufin ɗigon, kada a gyara kome tsakani. Tsakiyar hudojin nan uku ita a ke aunawa. In sun warwatse ko'ina, laifin noti ne ko hannu ko harsashi, murɗa madubi ba zai yi magani ba.

Mamurɗi biyu ne, na sama yana kai harsashi sama ko ƙasa, na gefe dama ko hagu. A yawancin madubai ko wane ƙas guda rubu'in inci ne a yadi 100. A nan mutane ke ruɗewa, domin a yadi 25 ƙas guda kashi ɗaya ne cikin 16 na inci. Watau in hudojin sun sauka inci 2 ƙasa da ɗigo, ƙas 32 za a murɗa zuwa sama. Wanda ya murɗa 8 ya ga ba canji sai ya ce an sayar masa da jabu. A sake harba uku, a sake gyarawa, har su hau ɗigo. In an sauya irin harsashi, ko bindiga ta faɗi, ko ta sha jijjiga a bayan babur a hanyar Gwagwada, a sake gwaji.

Madubi yana sama da bututu da kamar inci ɗaya da rabi. Saboda haka a kusa ƙwarai harsashi yana sauka ƙasa da gicciye, kuma ido yana iya ganin fili ta saman katanga alhali bakin bindiga yana kallon katangar.

ABIN DA KE BAYAN DABBA

Gonakin da dā ke daji yanzu gari ya cim musu. Sabon Tasha da Narayi da Romi da Gonin Gora sun bazu har gida yana jingine da kunya, mata masu itace da yara masu kiwo suna ratsa masara ba a ganinsu. Harsashin ƙaramar raifal, wadda a ke kira .22, yana iya wuce mil guda, an ma rubuta haka a kwalinsa. Birin da ke kan reshe ba abin da ke bayansa sai sama, harsashin da ya kuskure shi kuwa sai ya sauka a wani wuri. Mai madubi ya fi kowa bukatar tuna wannan, gama idonsa yana cikin 'yar da'ira. Ya duba da ido biyu tukuna, sa'an nan ya ɗaga bindiga. In motsi kawai ya gani cikin ganye, ba a leƙa motsi da madubin bindiga, domin leƙawar nuna bindiga ce, akwai tabaron hangen nesa na hannu don wannan. Dokar Namun Daji ta Arewa ta 1963 kuma ta kāre wasu dabbobi, wanda bai san su ba ya tambayi malamin daji na ƙaramar hukumarsa kafin kaka ta zo.